TSEREN MIL GOMA SHA UKU: YADDA AKAWU DA MALAMI KE GUDU TARE DA ZAKARUN DUNIYA

Hausawa sun ce, in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Wannan karin magana kaɗai ya isa ya nuna yadda muka ɗauki gudu tun kaka da kakanni, watau abu ne wanda ba a yinsa sai dole ta kama. Yaro ya yi gudu, ba wanda zai ɗaga ido ya dube shi. Soja ya yi gudu, a ce aikinsa ne. Amma ran da aka ga magidanci mai iyali, malamin makaranta ko akawun ofis, ya tuɓe babbar riga ya kama gudu bisa titi ba mai korarsa, to, kafin azahar labari ya gama unguwa, maƙwabta suna zuwa suna tambayar uwargida ko dai lafiya.

To, akwai wani gari a ƙasar Ingila inda a ke yin wannan abin kunya a bainar jama'a kowace shekara, ran wata Lahadi cikin watan Satumba, kuma ba mutum ɗaya ko biyu ke yinsa ba. A shekarun nan mutum wajen 60,000 a ke ba iznin shiga, maza da mata, samari da masu furfura. Sunan garin Newcastle, sunan tseren kuwa Great North Run, ma'anarsa da Hausa Babban Tseren Arewa, gama su ma Ingilishi suna da tasu Arewar, kuma mutanenta suna alfahari da ita kamar yadda mu ke yi da tamu. Nisan tseren mil 13 ne da yadi 192 da rabi, watau kilomita 21 da mita 97 da rabi. Domin mai karatu ya auna abin a ransa, sai ya tuna da filin tsere mai kewayen mita 400 irin na manyan makarantunmu: in ya kewaye shi sau 52, ya ƙara kusan kashi uku cikin huɗu na wani kewayen, ya yi nisan ke nan.

Dalilin wannan lissafi mai wutsiya shi ne, rabi ne na cikakken gudun famfalaki, wanda waɗansu ke kira yada-ƙanin-wani. Asalin cikakken kuwa wani labari ne na mutanen Girka, cewa a shekara ta 490 kafin haihuwar Annabi Isa wani manzo ya sheƙo da gudu daga filin yaƙi na Maraton zuwa birnin Atina da bushara ta nasara, yana faɗa ya faɗi ya mutu. Da aka farfaɗo da wasannin Olimfik a 1896 sai aka sa tseren tunawa da shi. A wasannin Landan na 1908 aka tashi daga fadar Windsor zuwa filin wasa, nisan ya kama mil 26 da yadi 385, a 1921 kuwa aka tsai da wannan ya zama ƙa'ida ga duniya duka. Cikakken tseren yana neman shiri mai tsanani wanda ba kowane ma'aikaci ke da sararinsa ba. Rabinsa kuwa, ko da ya ke ba wasan yara ba ne, mutum mai aiki da iyali yana iya kai masa in ya yi haƙuri wata uku ko huɗu. Wannan ne ya sa ya karɓu a biranen duniya.

Wanda ya kafa tseren Newcastle sunansa Brendan Foster, kuma ya kamata malamai su san cewa ɗan'uwansu ne, domin ya taɓa riƙe alli yana koyar da kimiyya a makaranta. Maguji ne na gaske. A 1974 ya kafa bajintar duniya a tseren mita 3,000 a filin wasa na Gateshead, a Olimfik na Montreal kuwa a 1976 ya zo na uku a tseren mita 10,000. A 1979 ya je ƙasar New Zealand, ya shiga wani tsere a birnin Auckland, ya ga dubban talakawan gari suna gudu don jin daɗinsu kawai, ba don cin kofi ba. Ya komo gida da abin a ransa. Ran 28 ga Yuni, 1981, aka yi na farko, mutum wajen 12,000 suka fito. A 2014 aka ƙidaya mutum na miliyan ɗaya da ya ƙetare layin ƙarshe tun da aka fara, mace ce kuwa, kuma ba zakara ba ce, ɗaya ce daga cikin gama-garin masu gudu.

Manyan zakaru suna zuwa, ba shakka. A 2013 an yi wata karawa da har yanzu a ke labarinta, tsakanin Kenenisa Bekele da Haile Gebrselassie na Habasha da Mo Farah na Ingila, Bekele ya tsere wa Farah da ƙyar a dab da layi. Shi Farah daga baya ya ci tseren sau shida a jere, daga 2014 zuwa 2019, kuma a nan ya yi tserensa na ban kwana a 2023. Amma ba su ne abin da ya sa muka ɗauki alƙalami ba. Zakaru ba su fi 'yan gomomi ba cikin dubu sittin. Sauran duka irinmu ne: masu aikin asibiti, direbobi, akawuna, malamai, masu kanti, tsofaffin da suka yi ritaya. Labarinsu mu ke so mu bayar.

BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Abu na farko da zai ba mutuminmu mamaki shi ne, ba kowa ya ke samun shiga ba, ko da kuɗinsa a hannu. Masu nema sun fi guraben yawa, saboda haka tun farkon shekara a ke rubuta suna, a yi ƙuri'a, wanda ta faɗa kansa ya biya kuɗin shiga, kuma sai ya cika shekara 17. Wanda ƙuri'a ta tsallake yana da wata ƙofa, ita ce ta ƙungiyoyin taimako, irin masu kula da marasa lafiya ko marayu ko naƙasassu. Su kan ba mutum gurbi bisa alkawarin zai bi 'yan'uwa da abokan aiki ya tara musu gudummawa da sunan gudun da zai yi. Don haka in ka duba taron za ka ga da yawa sun rubuta sunan wani mamaci nasu a bayan riga, uwa ko ɗa ko aboki, suna gudu domin tunawa da shi da taimakon masu irin ciwon da ya yi ajalinsa. Mu a ganinmu wannan dabara ce mai kyau ƙwarai, gama mutumin da ya riga ya karɓi kuɗin jama'a da alkawari ba ya iya kwanciya ran da sanyi ya hana shi fita. Kunya za ta tashe shi.

Sa'an nan sai shiri. Masu koyar da gudu sun haɗu bisa cewa wanda bai saba ba yana bukatar mako goma sha biyu ko fiye, yana fita sau uku ko huɗu a mako. Ba a farawa da gudu zalla. Mutum ya kan yi sassarfa minti ɗaya ko biyu, ya yi tafiya, ya sāke, har jiki ya karɓa. Sau ɗaya a mako a kan yi doguwar fita, yau mil uku, mako mai zuwa huɗu, a hankali har a kai mil goma ko sha ɗaya kamar mako biyu kafin ranar. Daga nan sai a sassauta, a bar jiki ya huta ya tara ƙarfi. Da yawa ba su taɓa cika mil 13 ba sai ran tseren kansa.

Akwai hikima cikin wannan jinkiri wadda ya kamata malamai su fahimta, domin su ne ke sa yara gudu. Zuciya da huhu suna saurin sabawa da aiki. Cikin 'yan makonni mutum zai ji hakinsa ya ragu, ya ga kamar ya zama doki. Amma ƙashi da jijiyoyin gwiwa da na agara da na tafin ƙafa ba su da wannan sauri, su sai a hankali su ke ƙarfafa. To, a tsakanin nan ne yawancin masu farawa ke jin ciwo, numfashi yana cewa a ƙara, ƙwauri yana cewa a dakata, mutum kuwa ya bi maganar numfashi. Shi ya sa a ke ba da shawara kada ƙarin mako ya wuce kamar kashi ɗaya cikin goma na abin da aka yi a makon da ya gabata. Ma'aunin sauri kuma mai sauƙi ne, ba ya bukatar na'ura: in kana gudu kana iya yi wa abokinka magana jimla guda ba tare da ka yanke ba, saurinka daidai ne, in ba ka iyawa, ka yi yawa.

Kayan aiki ba su da yawa, kuma kada talla ta ruɗi kowa. Abebe Bikila na Habasha ba takalmi a ƙafarsa ya ci cikakken famfalaki a birnin Rum a 1960. Ba mu ce a kwaikwaye shi ba, domin ƙafar akawu ba ƙafar Abebe ba ce. Abin da a ke so shi ne takalmin gudu wanda ya yi daidai da ƙafa, da ɗan sarari a gaban yatsu, domin ƙafa ta kan kumbura a doguwar tafiya. Doka guda kuwa wadda duk tsohon maguji zai gaya maka ita ce, ran tsere ba a sa sabon abu: ba sabon takalmi, ba sabuwar safa, ba sabuwar singileti, ba kuma abincin da ciki bai sani ba. Ɗinkin riga wanda ba ka ji ba a mil na farko, a mil na goma sai ya zama kamar wuƙa a hammata.

RANAR TSERE

A kan rufe babbar hanyar mota da ta ratsa tsakiyar Newcastle, a jera mutane a kanta rukuni rukuni, kowa gwargwadon lokacin da ya ce zai iya gamawa, masu sauri a gaba, masu nawa a baya. Jakar kowa an riga an zuba ta a bas an wuce da ita can inda za a ƙare. Saboda sanyin safiya mutane su kan zo da tsohuwar rigar sanyi, in an kusa tashi su tuɓe su jefar gefen hanya, daga baya a tattara a kai wa mabukata. Masu keken guragu su ke fara tashi, sa'an nan zakarun mata, kana zakarun maza da sauran jama'a a bayansu.

Taron yana da yawan da har ya kan yiwu zakara ya kai ƙarshe alhali na can baya ba su daɗe da taka layin farawa ba. Mai karatu zai ce, ashe an cuce su. Ba a cuce su ba. A jikin lambar da kowa ya maƙala a ƙirji akwai wata 'yar na'ura wadda ba ta fi farce kauri ba. Sa'ad da mutum ya taka layin farawa ta rubuta, sa'ad da ya taka na ƙarshe ta rubuta, a ba shi lokacinsa na kansa har daƙiƙa. Saboda haka kowa da agogonsa ya ke tsere, mutumin da ke gefensa kuwa abokin tafiya ne.

A nan ya kamata mu ɗan yi lissafi, tun da masu karatunmu mutanen lissafi ne. A 2024, a birnin Balansiya na ƙasar Sifen, Yomif Kejelcha na Habasha ya gama wannan nisa cikin minti 57 da daƙiƙa 30. Ma'anarsa, kowace mita 100 ya yi ta cikin daƙiƙa 16 da 'yan kai. Malami ya gwada ya auna mita 100 a filin makaranta, ya ga yara nawa ne cikin ajinsa za su yi ta a daƙiƙa 16, sa'an nan ya gaya musu akwai mutumin da ya yi haka sau 211 a jere bai tsaya ba. Shi kuwa gama-garin maguji babban burinsa ya gama cikin awa biyu, watau kowace kilomita minti 5 da daƙiƙa 41. Mai awa biyu da rabi yana yin kilomita a minti 7 da daƙiƙa 7, kuma ba abin raini ba ne. Mai tafiyar ƙasa ta yau da kullum, kilomita biyar a awa, zai ɗauki awa huɗu da 'yan mintoci.

Farkon hanyar gangara ce, kuma nan tarkon ya ke. Ga kiɗa, ga tafi, ga jiki ya huta mako biyu yana neman aiki, ga dubban mutane suna wuce ka. Sai mutum ya ga yana yin kilomita a minti biyar alhali ya shirya wa shida, kuma ba ya jin komai. Bashi ne ya ke ci, kuma za a zo karɓa a mil na goma. Dalili kuwa, jiki yana ajiye wani irin sukari a tsoka da hanta, shi ne itacen da ya ke hura wutar gudu da shi. In ana tafiya a hankali jiki ya kan haɗa da kitse, ajiyar ta daɗe. In an tsananta, sukarin ya fi ƙonewa, ƙafafu su yi nauyi tun da sauran tafiya. Gwanaye su kan yi rabin farko da ɗan jinkiri, rabin ƙarshe su ƙara wuta, suna wuce waɗanda suka wuce su ɗazu.

Kafin a cika mil biyu sai a hau babbar gadar Kogin Tyne, wadda Sarki George na Biyar ya buɗe a 1928. Hoton wannan gada cike da mutane shi ne alamar tseren a duniya, kuma a shekaru da yawa jiragen wasa na sojan saman Ingila su kan ratsa ta samanta suna fesa hayaƙi ja da fari da shuɗi. An ƙetare gada an shiga Gateshead, a wuce ta gefen filin nan da Foster ya yi bajintarsa, sa'an nan hanya ta fara hawa sannu sannu har wajen mil biyar. Daga nan tafiya ce cikin unguwannin ma'aikata, ba wani abin kallo na gini. Abin kallon mutanen ne. Su kan fito ƙofar gidajensu tun safe, wannan da faranti cike da lemo yankakke, waccan da alewa, yara suna miƙa hannu a tafa, wani ya jawo tiyon ruwa yana fesa wa duk mai so. Ba wanda ya sa su, ba wanda ya biya su, kuma ba su san waɗanda su ke yi wa hidimar ba. Bahaushe zai gane wannan hali nan da nan, gama shi ne na ajiye randa a ƙofar gida domin matafiya.

Tsakanin mil takwas da sha biyu nan ne a ke sanin wanda ya yi shiri. Akwai wani hawa mai tsawo, ba tudu ne mai tsayi ba, amma ba ya ƙarewa da wuri, kuma yana zuwa daidai lokacin da ƙarfi ya fara janyewa. Hira ta kan mutu a nan. Ba ka jin komai sai ƙarar takalma da haki. Waɗansu jijiyar ƙafa ta ɗaure musu, su tsaya su dafa turken fitila suna miƙewa; waɗansu su koma tafiya, kuma ba laifi ba ne, domin ba dokar da ta hana. Can wajen mil sha biyu sai hanya ta gangara ƙwarai, teku ta bayyana a gaba, a karya hagu a bi gaɓa zuwa garin South Shields. Wannan mil na ƙarshe ya fi kowanne tsawo a zuciya, domin mutum yana ganin ya iso alhali da saura. Wanda ya ƙetare layi a rataya masa minda a wuya, a ba shi riga da ruwa. Mindar na dubu arba'in iri ɗaya ce da ta na ɗari. A 2016 wata mace mai suna Claire Lomas, wadda ƙafafunta suka shanye bayan faɗuwa daga doki, ta yi wannan hanya cikin wata rigar ƙarfe mai motsa ƙafa, ta gama cikin kwana biyar.

(Game da mindar nan akwai abin dariya. A 2025 aka buga ta da taswirar kogin garin Sunderland maimakon na Newcastle, garuruwan nan biyu kuwa abokan hamayya ne na ƙin ƙari, musamman wajen ƙwallo. Masu shirya tseren suka fito suka ba da haƙuri. Akawuna sai su lura, rashin duba takarda kafin a kai maɗaba'a ba a ƙasarmu kaɗai ya ke ba.)

Kada mu ɓoye ɗaya gefen. A 2005 mutum huɗu suka rasu a wannan tsere, ran da aka yi zafi fiye da yadda aka saba. Abu uku ne likitoci suka fi tsoro a irin wannan rana. Na farko ciwon zuciya wanda mutum ke ɗauke da shi bai sani ba. Na biyu zafin jiki ya hau ya wuce iyaka, mutum ya ruɗe, ya yi ta tangaɗi yana maganar da ba ta da kai; wannan ba gajiya ba ce, a sanyaya jikinsa da ruwa nan take a kira likita. Na uku kuwa zai ba mutane mamaki, shi ne shan ruwa fiye da kima. Mai gudu a hankali wanda ya tsaya ya sha a kowace tasha, awa uku yana ɗura, gishirin jininsa ya kan tsinke, kansa ya yi ciwo, har ya kai ga suma ko abin da ya fi haka. Shawarar da a ke bayarwa ita ce a sha gwargwadon ƙishirwa. Wanda ya haura arba'in, ko mai hawan jini, ko mai ciwon sukari, ko wanda ya taɓa jin ƙirjinsa ya riƙe sa'ad da ya ke hawan bene, ya ga likita tukuna kafin ya sayi takalmi. Wanda kuma zazzaɓi ya kama shi a makon tsere ya haƙura, ko nawa ya biya.

MU FA?

Abin ya riga ya iso ƙasarmu. Tun 2013 aka fara tseren kilomita 10 a Okpekpe ta Jihar Edo, a 2016 aka fara cikakken famfalaki na birnin Ikko, a watan Nuwamba na 2020 kuwa aka yi tseren kilomita 21 a titunan Kaduna. Manyan kyaututtuka yawanci mutanen Kenya da Habasha ke kwashewa, cikin 'yan gida kuwa mutanen Filato sun yi fice, kuma ba mamaki, gama ƙasarsu tudu ce mai sanyi kamar ta waɗancan. Sai dai mu ba kyautar ce ta dame mu ba. Abin da ya dame mu shi ne bayan taron, inda ya kamata a ga dubban akawuna da malamai, kuma a nan ne mu ke da ƙaranci.

Muna ganin tushen wannan yana cikin makarantunmu, kuma mu da aikinmu ya shafi horon malamai ba za mu yi shiru a kansa ba. Yadda mu ke gudanar da wasannin shekara, a kan zaɓi yara uku ko huɗu masu sauri daga kowane gida, a yi ta horonsu, sauran ɗaruruwan kuwa a zaunar da su a inuwa su yi tafi. Yaron da ya zo na goma sau ɗaya ya koyi darasinsa, watau gudu ba nasa ba ne, kuma ba zai sāke ba har abada. In ya gama makaranta ya sami tebur da kujera, daga gida sai babur, daga babur sai ofis, kafin ya kai arba'in teɓa ta fito, a ce masa ya samu, bayan 'yan shekaru kuma likita ya auna shi ya ce jini ya hau. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2020, ta ce baligi yana bukatar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako. Kakanninmu da su ke noma da fartanya, su ke zuwa kasuwar ƙauye a ƙasa, suna cika wannan ba tare da sun san sunansa ba. Manomi har gobe ba ya bukatar wa'azinmu. Ma'aikacin tebur shi ne mai bukata, kuma shi ne ya fi kowa jin nauyin a gan shi yana gudu.

Ba kuma duk abin da a ke yi a Newcastle ne zai yiwu a nan yadda ya ke ba. Can a watan Satumba zafi bai cika wuce digiri 20 ba. A Kano ko Sakkwato cikin watan Afrilu yana haura 40, kuma wanda ya ce zai yi mil goma da hantsi a wannan lokaci yana wasa da ransa ne. Lokacin fita a ƙasarmu shi ne bayan sallar asuba, kafin rana ta ɗaga, kafin kuma motoci su cika titi. Lokacin tsere kuwa tsakanin Nuwamba da Janairu, sai dai ran da hazo ya yi kauri a dakata saboda ƙirji. In Azumi ya zo a sassauta, a mai da ita tafiya ko 'yar sassarfa bayan an sha ruwa. Maganar sutura ma ba ta hana komai, domin ba dokar tseren da ta ce sai da gajeren wando. Dogon wando mara nauyi yana yi, kuma a manyan tseren duniya ana ganin mata Musulmi suna gudu da lulluɓinsu.

Shugaban makaranta da ke son gwadawa ba ya bukatar izni daga nesa ko kuɗi mai yawa. Ya auna hanya mai kilomita biyu ko uku wadda mota ba ta bi, ya sa rana guda a mako, ya buɗe littafi kamar rajistar aji. A rubuta sunan kowane yaro da lokacinsa, a yaba wa wanda ya rage nasa lokacin ko da shi ne na ƙarshe a layi. A ajiye ruwa a wurin gamawa, a sa babban malami guda ya biyo baya domin kada a bar kowa a hanya. Sunan farko a littafin ya zama na shugaban makarantar, na biyu na mataimakinsa, sa'an nan akawun ofis.